Gayya a Kan Gadon Inji

Karatuna na boko bai wuce aji uku ba, na ukun ma ta taga na fi halartarsa. Amma akwai abu guda da na iya, wanda ban san mutum biyar a Gusau da suka iya shi ba, wato kankare ƙarfe da hannu har ya miƙe ɗoɗar. A wata masana'anta na koya, wadda yanzu awaki ne ke kiwo a cikinta.

Aikin ba wuyar bayani gare shi ba, haƙuri yake ci. Injin juya ƙarfe yana da gado, layuka biyu dogaye da kan wuƙar yankan ƙarfen ke zamewa a kansu. In gadon ya cinye, duk abin da aka juya a karkace zai fito. Sai a samu sandar awo wadda aka tabbatar a miƙe take, a shafa mata shuɗi kaɗan, a goga ta a kan gadon. Inda shuɗi ya kama, nan ne tudu. Nan kaɗai za ka kankara, ɗan abin da bai kai kaurin gashi ba, ka goge, ka sake shafawa. Sau ɗari, sau ɗari biyu. In babu shuɗin, makaho ne kai da wuƙa a hannu.

Da tsufa ya zo aiki ya ɗauke, zaman gida ya ishe ni, ni ma na ishi gidan. Uwargida ta ce in ban nemi abin yi ba za ta riƙa ba ni tsintar shinkafa. Ranar nan bayan la'asar na tashi a ƙofar masallaci na ce zan koyar da kankarar ƙarfe kyauta, Asabar da Lahadi da hantsi, ga duk wanda zama ya gundura. Mutum biyar suka zo. Ɗaya mai walda ne daga Damba. Huɗun manoma ne daga wajen Wanke, waɗanda daji ya hana su gonakinsu, suna raɓe a gidajen 'yan'uwa a cikin gari. Babbansu shi ne sarkin noman ƙauyensu, mutum mai faɗin kafaɗa da bai san inda zai ajiye hannuwansa ba tun da ya rabu da fartanya.

Ɗalibai sun samu, inji ne babu. Sai na nufi aminina.

Aminin nan nawa mutumin Tsafe ne. Da zama ya gagara a unguwarsu ta bakin gari, gida ya bari, tumaki ya bari, injinsa kaɗai ya ɗora a mota ya kawo Gusau. Da shi yake juya wa masu injin niƙa da masu famfon ban-ruwa sandunan ƙarfe, da shi yake ciyar da gida mai baki goma. Gadon ya ɗan cinye, na sani, don ni nake masa tsiya a kai.

Na ce, “Ba ni shi sati uku. Damina ce, aiki ya yi sanyi. Kafin kaka zan mayar maka da shi kamar amarya.”

Ya ce, “Kai da manoma? Wanga inji shi ne gonata, shi ne garkena. In ya tsaya, tukunya ta tsaya.”

Na ce, “Hannunsu, idona. Ba wanda zai taɓa inda ban nuna ba.”

Ya daɗe yana kallon injin, sannan ya ce, “Don kai ne.”

Muka kwance gadon muka kai rumfar ƙofar gidana. Mai walda ya wasa tsofaffin magagari ya mayar da su makankarai. Don manoman su saki jiki na ce musu, “Kada ku ji tsoro, noma ne. Ƙarfe gona, makankari fartanya.” Suka yi dariya, ni kuma na ji daɗin bakina, na riƙa maimaitawa kullum.

Ga inda halina ya shigo. Tun ranar farko suka fara kirana Malam. Ni da ko allo ban sauke ba, furfura ta cika mini gemu kafin in ji wannan suna a kaina. Na lura in suka gane sirrin shuɗin nan, cikin sati biyu sun gama da ni. Sai na riƙa juya musu baya in na zo shafawa, in goga sandar, in ƙura ido kamar mai duba, in goge shuɗin da tsumma, sannan in nuna da yatsa: nan, da nan, da nan. Sarkin noma ya taɓa tambaya, “Malam, mi kaka gani cikin abin ga?” Na ce, “Da sauranka. Ba a fara karatu daga Baƙara.” Gwangwanin shuɗin kuwa a aljihuna yake kwana.

A sati na biyu aka aiko mijin yayata ya rasu a Bungudu. Na ce kwana biyu zan yi. Aka yi sadakar uku, yayata ta riƙe ni, hanya ma ta yi kwana biyu direbobi ba su yarda da ita ba. Sai da na kwana shida. Gwangwanin yana aljihuna duk tsawon zaman makokin. Ban ce su ci gaba ba, ban kuma ce su dakata ba.

Tun daga bakin layinmu na hango ƙoƙunan fura a jere a rumfata, da mutanen da ban sani ba suna wanke hannu. Wani yana ta dukan jarka kamar gangar noma. Sarkin noma ya taryo ni, fuska kamar an yi masa haihuwa.

“Malam, ya haƙuri? Allah shi jiƙan mamaci. Mun ga kana cikin rashi, ga kaka ta matso, ga aikin mutane bisa kanka. Shi ne munka kira gayya.”

Na ce, “Gayyar me?”

“Munka raba shi kunya shida, kowa da tashi. Maƙwabta ma sun kama muna. Kuma ka tambayi kowa, ni na riga kai ƙarshe.”

Na shiga rumfar. Gadon yana walƙiya kamar tiren biki. An ja layuka da alli an yanka shi gida-gida. Mai walda yana can gefe yana sosa ƙeya. Ya ce ƙasa-ƙasa, “Baba, na ce a jira ka. Sunka ce yaro ba ya hana gayya.” Mutum ne mai 'ya'ya biyar.

Na fito da gwangwanin, a gabansu wannan karon, don hannuna ya manta da ɓoyo. Na shafa, na goga, na ɗaga sandar. Shuɗin bai kama ko'ina ba sai a kan layukan allin. Manomin kirki ba ya cin iyakar maƙwabcinsa, don haka kowa ya ƙwaƙule tsakiyar kunyarsa ya bar iyaka a tsaye. Rami shida, tudu biyar. Ramin da ya fi zurfi kuwa na sarkin noma ne, kuma a daidai wuyan inji, gefen da ake damƙe ƙarfe, inda aka fi aiki.

Na kasa zagi, ni da zagi ba ya yi mini wuya. Suna tsaye suna jiran in sa albarka.

Da kaina na je na kira aminina. Ya zo, ya gaisa da kowa, ya ɗora tafin hannunsa a kan gadon ya ja daga wuya har wutsiya. Hannun yana hawa yana sauka, kowa na gani. Ya dubi shuɗin da ke kan iyakokin, ya dube ni.

“Ka hwaɗa musu amfanin wanga?”

Na ce, “Ina shirin faɗa.”

“Sati biyu kana shiri.” Ya juya wajen manoman. “Sannunku da aiki. Allah shi saka da alheri.” Da gaske ya faɗa, shi ya fi ƙona ni. Sarkin noma ya gane a nan take, ya cire hula ya zauna a ƙasa.

Gyaran guda ne: a sauke gadon duka har ya zo daidai da ramin da ya fi zurfi. Da ƙuruciyata aikin wata biyu ne. Na ɗauki makankari na fara ni kaɗai, don in wanke kaina. Kafin azahar wuyan hannuna ya kumbura, makankarin yana rawa yana sara inda ban aike shi ba. Abin da nake ɓoye wa ɗalibai ba shuɗin ne kawai ba. Shekara ta kai uku rabon da in yi wuni guda a kan ƙarfe.

Washegari na ajiye gwangwanin a tsakiyar tabarma na buɗe. Bayanin da na riƙe sati biyu bai ɗauki lokacin shan fura ba. Ɗaya daga manoman ya ce, “Ashe shi ke nan?” Na ce shi ke nan.

Sarkin noma bai ƙara fashi ba, har ranakun da ba na aji ba. Mutumin da ya saba tsere sai ga shi yana cire ɗan ƙurar ƙarfe, ya goge, ya shafa, ya jira. Ya fi ni ido, bayan wata guda ya fi ni hannu. Amma ƙarfe ba ya jin lallashi. Gero ya nuna, aka yanke, injinan niƙa suka fara lalacewa kamar yadda suke yi kowace kaka, masu su suna zuwa rumfar aminina suna tarar da inji babu gado. Na ji an ce gidansa sun koma girki sau ɗaya. Ba shi ya gaya mini ba.

Ranar wata Laraba aminina ya zo da amalanke. Mun daidaita kamu biyu daga wuya, sauran yana nan da tuddansa.

Na ce, “Ka ƙara mana wata guda.”

Ya ce, “A ɗora.”

Injin yana aiki har yau, amma gajerun ayyuka kawai. In kan wuƙar ya wuce kamu biyun nan sai ya fara tuntuɓe. Na roƙe shi ya bari mu ƙarasa in aiki ya sake yin sanyi, ya ce Allah ya kai mu, kuma bai sake tayar da zancen ba. Ajin yana nan, a kan wasu guntayen ƙarafa da ba na kowa ba, sarkin noma ne ke nuna wa sababbi.

Ina zuwa rumfar aminina in zauna, yana karɓata, muna hira. Makon jiya ina zaune wani mai injin niƙa daga Ruwan Ɓore ya sauko daga babur da doguwar sanda a kafaɗa, irin aikin da ke riƙe gida sati guda. Aminina ya auna ta da kamun hannunsa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya miƙa masa abarsa, ya kwatanta masa wata rumfa a bayan tasha.

Mutumin ya ce, “Ai ni wurinka anka turo ni. An ce duk garin ga babu kamarka.”

Aminina ya ce, “A da ne.”

Babur ya tashi. Aminina ya zauna ya tambaye ni haƙurin yayata, na ce da godiya.