Ranar Da Na Ajiye Kunyar Ɗiyar Fari

A garinmu, can ƙasar Bukkuyum, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa, ba ta shiga faɗansa. In an doke shi a gabanta sai ta kau da kai, kakarsa ta yi magana. Haka na tashi na gani, haka na yi wa ɗiyata har ta kai aji uku.

Shekarar da maza suka riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gida muna dakawa, gubar dalma ta ɗauke mini ƙannenta biyu. Ita an kwantar da ita a Anka, ta tashi. Sai dai hannunta na dama yana rawa, magana kuma ba ta fito mata da sauri.

Wata safiya ta ce ba ta zuwa makaranta. Ban tambaye ta ba, don ba ni ce mai tambaya ba. Surukata ce ta zaunar da ita, ni ina wanke-wanke ina saurare. Ashe kullum in an fita hutun tara, manyan 'yan mata na ajinsu sai su cika moɗa taf daga randar makaranta, su ce malam ya ce ta kai masa. Tana tafiya ruwan yana zuba a jikinta, su kuma suna biye da ita da tafi, suna cewa, "Ga 'yar dalma ta yi fitsari!"

Surukata ta ce, "To, ta zauna gida. Dama mi za ta iya da wanga hannu?"

Na ɗauraye hannuna, na ɗauki hijabi.

"Ina zuwa?"

"Makaranta, Inna."

"A kan ɗiyar fari? Ke ba ki da kunya?"

"Na yi kunya, Inna. Ina cikin yinta aka binne biyu."

Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Mahaifin yarinyar yana can ramin haƙo, ba wanda zan jira. Na kama hannun ɗiyata, mai rawar, muka bi ta tsakiyar gari. Mata suna leƙowa ta kan danga.

Hedimasta yana zaune a gindin dalbejiya. Ya saurare ni, ya yi murmushi.

"Baiwar Allah, wasan yara ne. Ina kakarta? Ai ba ke ya kamata ki zo ba."

"Ni na haife ta, Malam. A kira su."

Ya so ya ce in dawo gobe. Na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, na ce zan jira goben a nan. Da ya ga malamai sun fara fitowa kallo, sai ya aika aka kira su. Su huɗu ne, duk na san iyayensu. Babbarsu, da uwarta muka yi jinya a ɗaki ɗaya a Anka.

Ban zage su ba. A gaban kowa na kira ɗiyata da sunanta, har ita kanta ta waigo tana neman mai kiran. Na ce ta faɗa wa Malam abin da ake yi mata. Ta daɗe tana faɗa. Wani malami ya so ya ƙarasa mata, na ce a'a, a jira ta. Aka jira har ta gama.

Hedimasta ya ɗauko bulala. Na ce ba duka ya kawo ni ba, in an doke su a kanta za su huce a hanyar gida. Abin da nake so, a hana aiken ƙarya da sunan malam, kuma wani babba ya riƙa tsayawa a fili lokacin tara maimakon a taru a inuwa. Ya ce za a duba. Na ce ni ma zan riƙa zuwa ina dubawa.

Na kuwa riƙa zuwa. In an kaɗa ƙararrawar tara sai in bar girki in tsaya a bakin danga. Surukata ta daina amsa gaisuwata har bayan girbi. Har yanzu akwai masu ce mini marar kunya, akwai kuma yaran da ke kwaikwayon hannun ɗiyata in malam ya juya baya. Ita ke faɗa mini da bakinta, ni kuma in koma.

Bana tana aji biyar. Da hagu take rubutu.