Mai Safa da Jikarsa

A ƙasan ofishinmu akwai wani ɗan shago na gyaran fanka da dutsen guga. Mai shagon, Mai Safa muke ce masa, domin ko ana zafi ba ya cire safar hannu. Ƙuraje ne masu kaushi suka cika masa yatsu tun yana yaro, ga ciwon kunne da na ƙirji da ba sa yi masa nisa. Ba ya miƙa hannu a gaisa, kuma shi kaɗai yake cin abincinsa a bayan kanta. Matarsa ta rasu. Ɗansa guda na wani gari, ba ya zuwa.

Ya haura shekara hamsin kafin wata likita ta gano abin. Na sauka karɓar fankar ofis ya ba ni labari.

"Akawu, ashe makunni ne ya maƙale mini! Ni da nake gyaran na mutane."

"A ina yake? Ba ni sukundireba in duba maka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya yi bayani. Fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta a ɓargo ake yin su. Kowace tana da ɗan gurbi a jikinta. Ɓargo yana sakin wani sinadari, ya shiga gurbin ya zauna daram, gurbin ya motsa ya kunna ƙwayar daga ciki, ita kuma ta tsaya a gida. In ta ƙosa sai gurbin ya kashe kansa, ta fita aiki.

"Nawa ba ya mutuwa. Suna nan jibge a ɓargo, ciwo na cina a waje."

Likitar ta ce ana gadon abin, shi kuma yana da jika mace da ya ji an ce kunnenta ba ya daina ruwa. Sai an gwada ta.

Ya kira ɗan. Ina tsaye, muryar tana fitowa.

"Baba, don Allah kar ka jajibo mana. Yarinya lafiyarta lau."

Ya sake kira bai ɗauka ba. Bai taɓa yi wa surukarsa waya ba saboda kunya, amma ya nemo lambarta, ya yi mata magana yana kallon ƙasa kamar tana gabansa.

Ita ta kai yarinyar. Aka samu irin nasa ne, aka soma magani. Ta kira ta gaya masa, ta ƙara da cewa mijinta ya ce kar ya sake kira, ciwon da ya gadar wa 'yarsu ya isa haka.

Ranar ya rufe shago da wuri, ya hawo ofishinmu, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "An gano na yarinyar da wuri."

Muka ce madalla. Na jawo masa kujera, ya zauna yana kallonmu muna aiki har aka tashi.