Ranar da aka zo yi wa Mma gaisuwar rasuwar Baba

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifiyata, Hajiya Lantana mai shinkafa da wake ta Maamobi, wadda mu da rabin unguwa muke kira Mma. Kowace shekara addu'a nake yi mata in yi shiru. Bana kuwa bakina ya ƙi rufuwa, don ina da labarin da na so a ce ita na fara kai wa.

Mu 'yan Zangon Accra Hausarmu ba ta raba mace da namiji. Kowa "ya zo" ne, kowa "ya tafi". Ranar da Mma ta cika, yayana ya aika saƙon murya ga 'yan Nijar masu sayar mata da albasa a kasuwar Agbogbloshie, ya ce, "An yi rashi gidan Alhaji Issaka, ya rasu da safe." Su da suka ji "ya", sai suka ɗauka Baba ne. Suka cika mota suka zo. Babbansu ya shigo yana tambaya, "Ina Hajiya, mu yi mata gaisuwa?" Sai ya yi ido biyu da Baba zaune a kan tabarma. Bawan Allah ya ja da baya har ya tattake takalman mutane. Baba, da hawaye a fuskarsa, ya ce, "Ni ne dai, ban tafi ba tukuna." Ranar muka yi dariya da kuka a haɗe.

Lokacin ina aiki da wani kamfanin waje, ina rubuta manhajar da ke bin mutane da tallan takalma. Ofis mai sanyi, kujera mai juyawa, Baba yana faɗa wa kowa a masallaci cewa 'yarsa injiniyar kwamfuta ce. Mma ita tsokana ce aikinta. Takan leƙo ta ce, "Sakina, wannan danne-danne naka, wa yake taimaka?" In ce mata duniya. Ta ce to ita ba a duniya take ba ke nan.

Hawan jini ne ajalinta. Bayanin shan magani da Turanci yake zuwa wayarta, ita kuwa ba ta karatu, kuma ba ta son damun mutane. Wani lokaci ta sha biyu, wani lokaci ta tsallake. Bayan rasuwarta na gwada na'urorin da ake cewa suna jin Hausa, na ga Hausar rediyo kawai suka sani. Idan wata tsohuwa 'yar unguwar Nima ta ce "aduro", wato magani da yaren Twi, a tsakiyar Hausarta, sai na'ura ta rikice. Abin ya tsaya mini a rai har na ajiye aikin shekara biyu da suka wuce, na fara gina manhajar da za ka yi wa magana da Hausarmu, ta gaya maka lokacin shan maganinka da yadda likita ya ce a sha.

Baba bai yafe mini ba. Ya ce bai kai ni makaranta don in riƙa yawo lungu-lungu ina tara muryoyin tsofaffi ba. Ya daina ambatona a masallaci. Gaisuwa ma da ka yake amsa mini. Shi ma ga hawan jinin, amma ya rantse ba zai taɓa abina ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, har nakan tambayi kaina ko na yi wauta.

Amma ku zo unguwar Kotobabi ku ga abin da ake yi yanzu! Mata suna layi don a ɗauki muryarsu, suna gardama kan wa ta fi iya koya wa waya magana. Wata ta ce da ni, "Wannan abu ya yi kyau paa, sosai ma, amma gaya masa ya rage sauri." Da Mma na nan, wallahi da ta ƙwace shugabancin layin, ta kori masu surutu, ta gaya wa duk Maamobi ita ta koya mini kwamfuta. Ina tafiya a titi ina murmushi ni kaɗai idan na tuna haka. Ba ta bar mana gida ko fili ba. Abin da ta bar mini shi ne rashin haƙuri da aikin da ba ya isa ƙofar kowa, kuma shi ke tashe ni kowace safiya da zumuɗi.

Juma'ar da ta wuce na kai wa Baba abinci. Ina shirin fita sai ya miƙo hannu wajen wayata, bai dube ni ba. Na ba shi wayar, wadda tuni na sa bayanin magungunansa a manhajar da ke cikinta. Ya kai ta bakinsa kamar mai shirin faɗa, ya ce, "Kai, wannan aduro fari, kafin abinci ko bayan?" Ta amsa masa da Hausarmu cewa bayan abinci ne, ƙwaya ɗaya, kuma na safe ya riga ya wuce shi. Ya kalli kujerar da Mma ke zama. Can ya ce, "Da wannan ya zo da wuri..." Bai ƙarasa ba. Ya share ido da bakin riga, ya mayar mini da wayar.

"Sa mini shi a nawa," in ji shi. "Allah ya yi maka albarka, Sakina. Je ka gama aikinka."

Allah ya kai haske kabarinki, Mma. Baba ya sha maganinsa yau.