Matan da Ke Karanta wa Kawu Ruwa

A bakin dam ɗin garinmu akwai wani allon gwamnati da aka jera wa dokoki: an hana wanka, an hana wanki, an hana kamun kifi, an hana shayar da dabbobi. Ban taɓa ganin allon da ya amfani jama'a kamarsa ba, domin a kansa mata ke shanya zannuwa, a ƙafarsa kuma ake ɗaure jaki.

Ranar Sallah ko Kirsimeti, Zuru kaf kwashewa take ta koma can. 'Yan kasuwa Ibo su rufe shaguna su zo da kuloli da lasifika, amare su zo ɗaukar hoto, 'yan kabu-kabu su tura babura cikin ruwa har rabin taya, samari su yi ta tsalle daga kan dutse don burge 'yan matan da ko kallonsu ba sa yi. Wannan ruwan ne kuma injin hukumar ruwa ke ja, a tace, a turo mana a famfo ran da aka ga dama.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne mai karanta ma'auni. Ma'aunin wani ginshiƙi ne a cikin ruwa, kusa da bakin bututun da injin ke zuƙa, an zana masa lambobi da fenti. Kowace safiya Kawu zai duba inda ruwa ya tsaya, ya rubuta, ya aika wa masu injin. Da lambarsa suke sanin awa nawa za su ja, da ranar da za su dakata kada bututun ya kai ga laka. Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya da mutuncinsa, kuma ba shi da wata hira sai wannan.

Abin da ban sani ba a lokacin, yanar ido ta riga ta cinye masa gani. Ginshiƙin ma da ƙyar yake hangowa, balle lambobi. Ya ɓoye wa kowa, har matarsa, don ya san ran da ofis ya ji, ran nan aikin ya ƙare. Dabararsa ita ce matan ƙauyen Manga masu wanki. A gangaren dam ɗin akwai fale-falen duwatsu uku, ɗaya ƙasa da ɗaya, kuma duk lokacin da ruwa ya ja baya matan kan sauka su bi shi. Shekara da shekaru yana kallonsu, ya haddace lambar da ta dace da kowane dutse. Da safe sai ya tsaya a kan tudu da hularsa ta ma'aikata ya daka tsawa:

"Ku mata, an hana wanki!"

Wata tsohuwa, shugabarsu, ta amsa ko ɗagowa ba ta yi ba: "Mun jiya, Malam. Yau muna ga na tsakiya, ruwa ya rage yatsa huɗu shi sake shi."

Shi ke nan, doka ta yi aikinta, Kawu ya samu lamba. Ni kuwa duk sanda na ga wannan wasan, ɗauka nake iskancin ma'aikatan gwamnati ne kawai.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti, sabuwar takardar shaida a hannu, kaina kuma ya fi ƙarfin ɗankwalina. Kullum sai an kawo mini yara masu fitsarin jini, tsargiya ce, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce a dam yake iyo. Wata Asabar na je da kaina, na iske wani ɗan kabu-kabu yana juye baƙin man inji a ruwa, gefensa wani yana wanke hanjin akuya. Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Na wuce wurin Kawu na ce zan rubuta wa hukumar ruwa a kewaye wurin da waya, a kori kowa.

"Ki bari, ɗiyata," in ji shi. "Ki rubuta bisa masu babura, ki ƙyale masu wanki."

"Saboda me? Sabulunsu zuma ne?"

"Ni dai na ce ki bari."

"Ko kifi suke ba ka ne, Kawu?"

Ya kau da kai yana murza bakin hularsa. Na ɗauki hakan a matsayin amsa laifi, na tafi ina huci. Takardar da na rubuta shafi uku ce, har da Turancin da ni kaina sai da na duba ƙamus.

A ƙasar nan ka rubuta takarda ɗari ba a karanta ɗaya ba. Tawa ce Allah ya sa ta faɗa hannun wani sabon manaja mai neman abin da zai nuna wa manyansa. Kafin rani ya tsaya an ja waya, an sa ƙofar ƙarfe, an ɗauko maigadi. A Zuru ba a wahalar neman tsohon soja, kowane gida akwai nasa, kuma wanda aka samo ya ɗauki aikin kamar an ba shi iyakar ƙasa. Amare suka koma ɗaukar hoto a gaban gidan mai. Matan Manga suka kwashi kwandunansu suka koma wani rafi mai nisa. Gaskiya yara masu fitsarin jini sun ragu a wurina, kuma ba na jin kunyar cewa na ji daɗi. Har yau ina nan a kan cewa ban yi ƙarya a takardar nan ba.

Kawu kuwa ya wayi gari a kan tudu ba wanda zai daka wa tsawa. Sauka wurin duwatsun ya laluba da kansa ba zai yiwu ba, gangaren yana da santsi, shi kuma mutumin da ya yi rayuwarsa a bakin ruwa bai taɓa koyon iyo ba. Sai ya riƙa gwada maigadi da dabara.

"Soja, mi ka gani ga ruwan nan yau?"

"Ruwa na nan, ranka shi daɗe!" Ya ƙame, ya sara masa.

Kawu ya san in ya ƙara tambaya, asiri zai tonu. Don haka ya koma lissafin kai: kowace safiya ya rage kaɗan daga lambar jiya, daidai yadda ruwa ya saba sauka a shekarun baya. Da shekarar irin ta baya ce, da ya sha. Amma a ranin nan masu lambu ta wajen Dabai sun sayo ƙananan injuna, suna jan ruwan tun kafin ya iso dam. A littafin Kawu ruwa yana sauka a hankali kamar tsohon da ke saukowa daga bene, a zahiri kuwa gudu yake. Masu injin ba sa leƙa ruwa, takarda suke leƙawa. Wata safiya bututun ya zuƙi laka, injin ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya mutu.

Garin ya yi makonni ba ɗigo a famfo. 'Yan garuwa suka zama sarakuna, sai ka gaishe su sau biyu kafin su dube ka. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya ci shinkafa, ya buɗe littafin Kawu, ya je ya dubi ginshiƙi. Ni ma da na ji labari cewa na yi, ai ga irinta nan, mutum yana zaune a inuwa yana ƙaga lamba.

Ran wata Laraba da hantsi ya shigo asibitinmu, ba hula, da ambulan a hannu. Ya jira na sallami mai jegon da ke gabana, sannan ya miƙo mini.

"Karanta mini."

"Kai da ka koya mini abacada, Kawu?"

"Shekara huɗu ke nan ban ga lambar ginshiƙin nan ba. Matan nan su ne idona."

Ya faɗa mini duka, da duwatsun, da tsohuwar, da yatsa huɗu. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ambaci takardata ba, da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Na dubi idanunsa da kyau, ni da aikina duba mutane ne, na ga farin da ya lulluɓe su, wanda ko ɗaliba 'yar shekarar farko za ta gane daga bakin ƙofa. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata.

Na buɗe ambulan. Kora ce, bisa sakaci da rubuta bayanan ƙarya.

"Sun ce ka ɗan huta a gida," na ce, "kafin a gama bincike."

"Na taɓa ta, shafi biyu ce. Kin ƙare ta da numfashi guda? Karanta yadda anka rubuta, kar ki tsallake komi."

Na karanta, tun daga adireshi har sa hannu. Sau biyu ina tsayawa, sau biyu yana cewa in ci gaba. Da na gama ya karɓa, ya ninke ta a hankali, ya sa a aljihu. Ya miƙe ya nufi ƙofa da takun nan nasa na ƙasaita da na daɗe ina ɗauka girman kai ne, ashe laluben ƙasa yake. A bakin ƙofa ya tsaya, ya miƙo hannu ta inda yake zaton nake, ya kauce mini da kusan kamu biyu.

"Kama ni ki tsallakar da ni kwalbatin nan naku," ya ce. "Yanzu ba wanda ni ka ɓoye ma."