Kwas ɗin da Na Ɗauka Don Kunnen Baba

Digirin haɗaka na yi, kwamfuta da fiziks, irin karatun da mutanen unguwarmu ta Makera ke jin sunansa su ce ma sha Allah, su yi gaba ba tare da sun nemi ƙarin bayani ba. A jami'a kuwa mu 'yan haɗaka ba mu da gata. Sashen kwamfuta na kallonmu a matsayin 'yan fiziks masu leƙe, sashen fiziks na kallonmu a matsayin waɗanda suka kusa guduwa. Kowanne zai tsara lokutan lakcarsa bai tuna muna duniya ba, sai mu wayi gari an sa mana lakca biyu a lokaci ɗaya, a gini biyu. Haka na yi shekara biyu ina sauri tsakanin gine-ginen nan, ina riƙe da littattafai da bakin hijabi.

Ina aji uku soja suka miƙa mulki. A zangon da ya biyo baya aka ba mu damar zaɓen kwas ɗaya cikin biyu, duka biyun kuma suka faɗo safiyar Talata, don haka babu dabarar haɗa su. Na farko na sashen kwamfuta ne, yadda ake haɗa kwamfutoci su yi magana da juna, wanda kowa ke kira netwok. Na biyun na fiziks ne, ilimin sauti. Ba sai an yi duba ba. Ko'ina maganar ita ce farar hula sun zo, bankuna za su cika da kwamfuta, wanda ya iya netwok aiki ne zai biyo shi har gida. A zangon ne ma aka gyara janaretan ɗakin kwamfuta, bayan mun daɗe muna rubuta furogiram a takarda, malami na dubawa da jan biro. 'Yan ajinmu suka yi tururuwa can.

Ni kuwa hankalina na gida. Baba ya yi aiki a wata masaƙa a Kakuri tun kafin a haife ni, a ɗakin saƙa, inda injina ke kaɗawa har mutum ya ji a haƙoransa. Kunnensa ya fara tafiya a hankali. Da farko sallamar mata da yara ce ba ya ji, amma ta maza yana amsawa, har Umma ta yi ta fushi tana cewa zaɓe yake yi. Ranar miƙa mulki ya ƙure muryar rediyo, gidan hayar nan kaf aka saurari jawabi ko ana so ko ba a so, shi kuma yana gyaɗa kai a inda bai kamata ba. Duk wannan mun mai da shi abin dariya. Abin da ba mu yi wa dariya ba shi ne ranar da ya daɗe a sujada a masallaci bayan kowa ya ɗago, don bai ji kabbarar liman ba, sai da na kusa da shi ya taɓa shi. Ya dawo gida bai ci abinci ba. Tun daga nan ya koma tsayawa a ƙarshen sahu, yana bin na gefensa da gefen ido.

Sai na ɗauki sauti. Lissafina a lokacin mai sauƙi ne, kuma ina ganin kaina mai wayo: wanda ya san yadda sauti ke tafiya, zai san inda ya maƙale, zai kuma san yadda ake buɗe masa hanya. Da na yi shiru da bakina, da abin ya tsaya a kaina ni kaɗai. Amma sai na gaya wa Baba, da ƙarfi, a tsakar gida. Kafin mako ya zagayo maganar ta je masaƙa, ta je masallaci, ta je wurin mai shayi. "'Yata ta bar kwamfuta ta koma karatun kunne," haka yake gaya wa kowa. Wani abokin aikinsa, mutumin Kagoro da ke zaune a Trikania, wanda nasa kunnen ya fi na Baba lalacewa, ya tare ni a bakin titi ya ce, "Yarinya na, in kin gama da baban ki, ni ne namba tu a layi."

Ba mu da yawa a ajin, benci biyu ya ishe mu. Malamin wani tsohon Dakta ne da hannun rigarsa kullum ke fari da alli, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma kallon agogo. Muka yi makonni a kan lissafin igiya da bututu da yadda ƙara ke dawowa daga bango. Ina rubutawa ina jira a iso kunne. Sai da lokacin canza kwas ya wuce sannan muka iso.

Ya zana cikin kunne a allo, wani abu a naɗe kamar dodon koɗi. Ya ce a cikinsa akwai wasu gasu ƙanana da ido ba ya gani, su ne ke karɓar sauti, waɗanda ke karɓar siririyar murya kuma su ne ke fara lalacewa. Ya ce ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su, in ta daɗe su mutu, kuma ba sa sake tsirowa, babu allura, babu ƙwaya. Ya ba da misali da masu injin niƙa da ma'aikatan masaƙa. Sannan ya goge allon ya shiga wani lissafi.

Na rubuta duka, da rubutuna mai kyau, har na ja layi a ƙarƙashin kanun. Na yi zaton zan yi kuka, ban yi ba. Da aka tashi na je na sayi alala na ci, na wanke hannu, na tafi lakca ta gaba. Gaskiya ban ji komai ba, kuma haka na zauna har ƙarshen zangon. Ina ganin 'yan netwok suna fitowa daga ɗakinsu suna hira da kalmomin da ban sani ba, wasunsu daga baya bankin suka tafi kamar yadda aka ce, amma ko hassadarsu na kasa yi. In na zo gida Baba ya tambaye ni ina aka kai, sai in ce ana nan ana yi.

Aikin ƙarshe na kwas ɗin shi ne kowa ya haɗa wani ɗan akwati mai batir da ke fitar da sauti, daga mai kauri zuwa siriri, ya auna jin mutane da shi. Na haɗa nawa, na sa masa hedifon, abin sauraron da ake maƙalawa a kunne, na wata tsohuwar rakoda. Niyyata in auna 'yan ɗakinmu na makaranta in huta. Amma na zo gida da shi a jaka wata Asabar, Baba ya gani, shi ke nan.

Bayan la'asar ya yi wanka, ya sa farar riga kamar mai zuwa ganin likita, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinmu. Umma na gefe da faifai tana tsince shinkafa. Ya cire hula, na sa masa hedifon, na yi masa bayani: in ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Na zauna a gabansa da akwatin a cinyata.

Masu kaurin ya ji su, hannu na tashi nan da nan, yana murmushi. Na murɗa maɓallin zuwa sama kaɗan, hannun ya fara jinkiri. Na ƙara murɗawa, bai tashi ba. Na ƙure ƙarfin, har Umma daga inda take ta ce in rage wannan tsuwar, tana shigar mata kai. Baba na zaune yana jira a fara.

Daga nan sai hannun ya dawo. Duk murɗawar da na yi sai ya ɗaga, ba jinkiri, har sautin da ni kaina da ƙyar nake ji. Na ɗago na dube shi, na ga idonsa a kan yatsuna yake. Na zare wayar batir a ɓoye, akwatin ya mutu, na sake murɗa maɓallin. Ya ɗaga hannu. Na sake, ya sake ɗagawa, a tsaye kyam, yana dubana ko ya yi daidai. Ban san ko don ni yake yi ba ko don kansa. Na bar shi ya ɗaga wasu 'yan lokuta, sannan na ce an gama.

Ya cire hedifon, ya naɗe wayar a hankali, ya miƙo min da hannu biyu.

"To, an yi awo," ya ce da muryarsa mai cika gida. "Yaushe za ku kai wajen maganin?"

Na sunkuya ina sa akwatin a jaka. A sunkuyen na amsa, ban ɗaga murya ba.

"Babu magani, Baba. Dakta ya ce ba ya dawowa."

Faifan Umma ya tsaya. Baba ya lura na yi magana, amma bai ga bakina ba, sai ya juya wajenta.

"Me ta ce?"

Umma ta ajiye faifan a ƙasa. Ta fuskance shi sosai, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Ta ce sai aji huɗu."

"Allah ya kai mu," in ji Baba.

Ni da Umma muka ce amin.