Balilar Shekarar Jan-baki

A kakar shekarar da ake ta gina madatsar ruwa ta Rusairis, wata safiyar Laraba, ina tsaye a kan rumfar tsaro a hawasharmu, wato gonarmu, da ke gabas da Wad Haddad, da majajjawa a hannuna, sai na ga sama ta yi duhu daga wajen kogi. Na ɗauka hadari ne, har na fara murna. Ashe tsuntsayen jan-baki ne! Muka yi ihu, ni da yayana Sale, muka ja igiyar gwangwanaye har hannuwanmu suka yi kanta, amma ina, ko gezau. Kafin mako ya zagayo dawarmu ta zama kara tsaye, sai 'yan zangarniyoyin da suka kwanta ƙasa.

Tun daga nan Baba ya daina magana. Mutumin da ke tashin mu sallar asuba da tsokana, ya koma zama a kan gadon igiya yana kallon bango. Masallaci ma ya ɗauke ƙafa, a ɗaki yake sallarsa. In maƙwabta sun ce "ina aiki?", a maimakon "da godiya" sai ya ɗaga hannu kawai. Wallahi wannan shirun ya fi yunwar ba ni tsoro, don na ga kamar wani mutum daban aka ajiye mana a gida.

A ƙauyenmu akwai al'adar da muke kira karama, kamar yadda Larabawan da ke kusa da mu suke cewa. Duk gidan da ya girbe, sai ya dafa balila, wato dawa ɗanya da gishiri, maigida ya raba wa yaran unguwa da hannunsa don godiya ga Allah. A bana kam ba wanda ya zaci hayaƙinta daga gidanmu. Sai ga kakata, Inna Hajo, mahaifiyar Baba, ta kora mu gona kala. Muka yini muna tsintar abin da tsuntsaye suka raina, muka sussuka, muka sheƙe, da ƙyar ya cika ƙwarya. Mahaifiyata ta ce a bar shi don kunu, tsohuwa ta yi kamar ba ta ji ba, ta ɗora tukunya.

Ni kuwa Allah ya yi ni da tambaya, har ana kirana "Alkali". Na tsuguna gindin murhu na ce, "Inna, godiyar mi za mu yi, tunda an cinye muna dawa?" Na zaci za ta kawo mini ayar da malam ya koya mana. Ta hura wuta, ta goge ido, ta ce, "Ban sani ba tukuna, ɗiyan nan. Ni ma sai na ɗora tukunyar nika tunawa." Amsar ta ɗaure mini kai ƙwarai. Yaya mutum zai fara godiya bai san ta mece ce ba?

Baba ɗan farinta ne, saboda kunya ba ta yi masa magana kai tsaye, don haka ni ta aika. "Ki ce ma wancan yara na jira." Na je na faɗa. Hayaniyar yara kuwa ta cika ƙofar gida, kuma ba a taɓa jin an tara su an kore su ba. Ya fito ya karɓi ƙwaryar. Yana zuba wa kowa a tafin hannu, kowane yaro na cewa "Allah shi karɓa", ni ina kallon bakinsa kawai. Da ya zo kan ƙanena Isa, wanda ƙyanda ta kusa ɗauka da damina, Isa ya miƙo hannu biyu yana cewa a ƙara. Baba ya tsaya yana kallonsa, ya ɗora hannu a kansa, na ji ya ce "Alhamdu lillahi". Da la'asar ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci. Yunwa kam mun sha ta a shekarar, amma gidanmu bai sake yin shiru ba.

Yanzu a Wad Madani nake, jikokina Larabci suka fi ji, balila kuwa a bakin hanya suke sayenta a leda. In abu ya yi mini daɗi nakan gode, wannan ba wuya. Ranar da ta ɓaci ne nake kewar tsohuwar nan da murhunta. Har yau a irin wannan ranar nakan ɗora tukunya, hannuna kan riga zuciyata godiya.