Wanda Mas'uda Ta Shayar

Mas'uda taubashiyata ce, don haka in na taɓa ta a labarin nan kada wani ya ga rashin kunyata. A Gangara ta yi aure, ni a Isa, amma ranar kasuwa ba ta wucewa ba mu haɗu ba. Daddawa take sayarwa, sai dai ba da daddawa aka san ta ba. Allah ya ba ta ruwan nono, ya haɗa mata da zuciyar da ba ta jure kukan jariri. A shekarun haihuwarta, duk jaririn da uwarsa ta kwanta ciwo ko ta makara a gona, Mas'uda ta ɗauke shi ta sa a ƙirji. Ina ce mata saniyar gari, ita kuma ta ce gara saniya da busasshiyar akuya irina.

Alherin nan kuwa da nauyinsa. Duk wanda ya sha nononta ya zama ɗanta, babu aure tsakaninsa da 'ya'yanta, ko da sauran da suka sha. Shi ya sa a unguwarsu ba a kai goron neman aure sai an leƙo gidanta. Takan runtse ido ta ce wane ya sha a daminar da ruwa ya ci gonar Na'Allah, wance kuwa ba ta sha ba, goya ta kawai aka yi. Ba a taɓa kama ta da kuskure ba.

Sai ciwon daji ya kama nonon nan da ya ciyar da rabin unguwa. Aka kai ta Sakkwato aka cire shi, aka yi ta ɗura mata magani ta jijiya wata da watanni. Gashi ya zube ya sake tsirowa, jiki ya dawo. Kai ne ya koma kamar furar da aka cika wa ruwa. Sai ta shiga ɗaki ta tsaya tana kallon bango, ta rasa abin da ya kawo ta. Na raka ta asibiti ta kai kuka. Likitar ta ce an san da haka, har masu bincike sun ba ɓeraye irin maganin, wasunsu suka riƙa ɓata hanyar da suka saba bi zuwa abinci.

Mas'uda ta ce, "Kusun da ya mance hanyar rumbu? Ku ba mu maganin mu tahi da shi Gangara, mu huta da ɓarna."

Mun yi dariya, amma a mota ta juya tana kallon gonakin dawa suna gudu baya. Can ta ce mini tana tausayin ɓeran nan, yana jin ƙamshin hatsi, bai san ta ina zai bi ba.

Ana haka Hafizullahi, mai ɗaukar kaya a babur tsakanin Burkusuma da Nijar, ya ga autarta Saude, ita ma ta gan shi. Kowa ya san mahaifiyarsa, marigayiya Maryamu, ta yi damina biyu a Gangara, ɗaya da wansa Amiru a goye, ɗaya da shi. A ɗaya daga ciki zazzaɓi ya kwantar da ita, Mas'uda ta shayar da jaririn. In Amiru ne, babu laifi. In Hafizullahi ne, shi da Saude wa da ƙanwa ne. Maryamu tana ƙasa, tsofaffin gidan sun bi ta, saura Mas'uda.

Ta yi ta zama ƙarƙashin dalbejiyar gidanta bayan la'asar, hannu a kan wurin da nonon yake a da. Ta ce tana jin ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa, tana jin nishin Maryamu a bayan asabari, tana jin nauyin yaron a cinyarta, har da ɗan hannunsa yana jan ɗankunnenta. Da ta sunkuya ta ga fuskarsa sai komai ya watse kamar an jefa dutse a randa. Saude kuwa ta rame, ta daina tsefe kai. Ni kaina haushi ya kama ni.

Na ce mata, "Ke ki ce Amiru na mana! Wa za shi ƙaryata ki?"

Ta ce, "Wanda ya ba ni nonon."

Ranar da liman da iyayen yaron suka zo, ta zauna bayan labule ta faɗi abin da bakinta bai saba da shi ba. Ta ce, "Malam, ban sani ba." Liman ya ce ba za a hana halal a kan shakka ba. Aka ɗaura aure, aka yi guɗa, Saude ta tafi Burkusuma. Tun daga nan kuma babu wanda ya sake leƙo gidan Mas'uda da tambaya, abin ya yi mata ciwo fiye da wuƙar likita.

Damina ta zagayo, Saude ta zo goyon ciki. Wata yamma na je gidanta, muna tankaɗe a rumfa, hadari ya haɗu gabas, yayyafi ya fara sauka. Saude tana kwance a tabarma da cikinta tsofai-tsofai, tana waya da mijinta tana dariya. Sai na ga hannun Mas'uda ya tsaya cak a cikin gari. Ta runtse ido irin runtsewar nan ta da, wadda na yi shekara ban gani ba. Da ta buɗe, na san yaron nan na cinyarta, na waccan daminar, ya ɗago fuskarsa.

Na ce a hankali, "Kin tuno? Wa kinka gani?"

Ta daɗe tana kallon 'yarta. Sannan ta share ido da gefen zani ta ce, "Maganin ga ya canye komi. Miƙo min rariya."

Na miƙa mata. Har yau ban sake tambaya ba.